Rasuwar Firijin Gidan Abellana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Cherilyn Abellana nake sanar da maƙwabta da abokan aikina na kamfanin kifin gwangwani rasuwar firijinmu, ranar Laraba da rana, ina bakin aiki. Ya yi shekara goma sha tara a duniya.

Marigayin mai haƙuri ne da riƙon amana. Tun da na koma aiki, shi ke ajiye wa 'yata Amihan nonon da nake tatsa a lokacin hutun cin abinci, leda-leda, kowace da kwanan wata a jikinta. Wata huɗu gare ta, bakwaini ce, kuma madarar gwangwani kumbura mata ciki take yi.

Ya daɗe yana jinya. Muryarsa ta da, "hummm", ta koma "kar-kar-kar, tak", sai shiru. Manong Berting mai gyara, wanda ya taɓa fara karatun jinya bai ƙarasa ba, ya duba shi a watan Maris, ya rubuta mana kalma ɗaya ta Turanci a takarda, moribund. Na ce ya fassara. Ya ce, "Da ransa, 'yar nan, amma gargara yake yi. Likita na faɗin haka a kan mutum, 'yan jarida a kan kamfani. Ba a faɗa wa wanda zai tashi. Ku rage masa kaya, ku nemi wani."

Mijina Renante ya ce, "Abin da ke ƙara ai bai mutu ba." Surukata, Nanay Pacing, ta ɗora masa mutum-mutumin waliyyi a ka, tana bubbuga masa gefe kowace safiya. Ranar Talata, da ta ji za a yi wasan ƙwallon kwando a unguwa, ta cusa masa ledar ruwan mangwaro mai zaƙi ɗari da ashirin don ya daskarar mata ta sayar. Na yi magana. Ta ce, "Kafin ki shigo gidan nan yake min ƙanƙara. Ke kika san halinsa ko ni?"

Ya rasu ya bar ni, da Amihan, da fanka ɗaya, da tukunyar shinkafa ta lantarki wadda ita ma ba lafiya gare ta ba. Leda talatin da ɗaya na nono sun bi shi. Da hannuna na zubar da su a kwata, ɗaya bayan ɗaya. Nanay ta yi kukan mangwaronta.

Gawar tana tsakar gida har Asabar, lokacin da mai gwangwan zai zo da kurarsa ya auna ta da kilo. Nanay ta hana shara, wai ba a share gidan makoki. Na share, na wanke, don yarinya na kwana a wurin.

Kada kowa ya kawo kyandir ko fure. Wadda ke shayarwa a cikinku, kuma take da lafiya, ta taimaka ta zo ta shayar min da Amihan; ta iso kafin ƙarfe shida na safe, lokacin nake fita.