Rasuwar Ta-Yamai, Motar da Ba Ta Son Wuce Kilomita Hamsin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta riga baƙin cikin isa gare shi, ni Sumaila Abarshi, mai sayar da irin albasa da taki a bakin kasuwar Birnin Ƙonni, a madadin iyalina da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Badagishiri da Illela rasuwar motarmu, ƙaramar kat-kat, irin jif ɗin nan ta shiga ƙauye, mai ruwan toka, wadda aka fi sani da Ta-Yamai. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a hanyar jar ƙasa bayan Illela, bayan jinyar shekara biyu da wata huɗu. Zamanta da mu shekara biyu ne da rabi.

Ban buɗe wannan takarda da kalmomin da ake buɗe sanarwar rasuwar mutum da su ba. Na yi ta tunani a kai, na ga ba su dace da ƙarfe ba. Sauran ladubban makoki kuwa na are su, domin ban san wata hanyar faɗin abin da ke raina ba.

Marigayiya ta zo mana daga Yamai, daga wani gidan sayar da motoci wanda ba zan ambaci sunansa ba, tunda ba a tonon asiri a zaman makoki. Ba sabuwa ba ce, amma an ce mai ita na farko tsakanin gida da buro, wato ofis, kawai yake hawanta, an kuma haɗo ni da takardar garanti ta shekara guda mai hatimi biyu. Don in same ta na sayar wa ɗan baffana Mahaman garkar mahaifina da ke fadamar Badagishiri. Na gaya wa kaina cewa mai mota zai kai iri ƙauyukan da mai garka ba zai taɓa gani ba. A kan takarda lissafin ya fita daidai.

Wanda ya san ta a watanninta biyu na lafiya zai shaide ta. Tana da tsayin ƙafa, ba ta jin tsoron rairayi, ba ta raina kaya. Ta ɗauki buhu takwas na taki ba ta yi ƙorafi ba. Ta kai amare uku ɗakinsu, ta kai tsohuwarmu likita a inuwa, abin da tsohuwa ba ta taɓa samu ba. Da safe idan na murɗa makulli takan ce ƙir-ƙir-ƙir, sai ta yi ajiyar zuciya ta kama, a hankali, kamar mai tsoron tada maƙwabta. Jandarmomin shingen Tsarnawa sun san ta, har sukan ɗaga mata hannu kafin su ɗaga mini.

Ciwon ya fara ne ba hayaniya. Idan ta yi tafiyar kilomita hamsin ko kusa da haka ba hutu, sai wata 'yar fitila rawaya ta kama a gaban direba, ta ce tin, tin, tin, sau uku. Bayan na ukun sai inji ya ɗauke, sitiyari ya yi tauri, birki ya zama dutse. Idan aka bar ta awa guda sai ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana takan wuce hamsin ɗin lafiya lau, wata rana ba ta kaiwa. Ba ta taɓa faɗin wace rana ce wace ba.

Na kai ta garajin wakilin gidan da ke nan Ƙonni, wurin shugaban makanikai, shef Abdulwahab, mutum mai fara'a da tsabtar riga. Ya zaunar da ni a buro, ya ɗauko takarda, ya ce: “Alhaji, tsakaninka da Allah, ka taɓa zuba mata ruwa-ruwa?”

Baƙo ba zai gane nauyin tambayar nan ba. Ruwa-ruwa shi ne man kwalba da ake tsallakowa da shi daga iyaka, kuma a garin nan babu injin da bai san ɗanɗanonsa ba, har da babur ɗin shef da ke jingine a ƙofa. Na san amsar da kowa ke bayarwa. Amma ya sa Allah a tsakani. Na ce sau ɗaya, kwalba uku, a Tsarnawa, ranar da gidan mai ya ƙafe. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya rubuta. Daga ranar garanti ya riga marigayiya rasuwa, kuma duk ciwon da ta yi bayan nan, har da ƙofar baya da ta daina rufuwa, ruwa-ruwa ne ya jawo shi.

Ba zan ce ba su yi mata magani ba. Sun canza famfon mai. Sun canza matatar mai sau biyu. Sun canza wani ɗan ƙarfe mai waya da suka ce shi ke jin zafin inji. Sun jona ta da na'ura, na'urar ta ce lafiyarta ƙalau, domin marigayiya mai kunya ce, ba ta taɓa suma a gaban likita ba. Sau biyu ta koma Yamai a bayan babbar mota, ta dawo da wanki mai kyau da ciwonta. Ta yi wata uku a kwance tana jiran wani abu da aka ce yana hanya. Na zauna a bencin garajin nan har masu shayi suka daina tambayata sukari nawa. Na koyi hutar da ita duk bayan kilomita arba'in, ina fakewa da gaishe-gaishe, har mutanen hanya suka ɗauka ni mai zumunci ne.

A kwanciyarta ta ƙarshe shef ya miƙo mini makulli ya ce: “An gama, Alhaji. Fitilar ga ba ta ƙara damunka.” Bai yi ƙarya ba. Kwana tara ban ga fitila ba, ban ji tin ba. A rana ta goma ina dawowa daga Madawa, a gangaren Malbaza, tirelar siminti a gabana, wata a bayana, inji ya ɗauke ba sallama. Yadda na sauka gefen hanya ban sani ba har yau. Wani mai gyaran wayoyin mota a Malbaza ya buɗe allon gaban direba, ya kira ni in gani da idona: an liƙe fitilar da baƙin salatif, an cire wayar ƙararrawa. Fitilar tana nan tana ci a ƙarƙashi, ba mai ganinta.

Na ɗauki salatif ɗin na sa a aljihu. Na yi kwanaki ina jin daɗin zama wanda aka zalunta. Akwai hutu a cikin wannan, domin wanda aka zalunta ba ya bincikar kansa.

A nan ne sanarwar ta zo inda na fi son in tsallake. Mahaman ya aiko cewa zai mayar mini da garka idan na kawo abin da ya ba ni kafin dashen albasa. Ba ni da abin da zan sayar sai marigayiya. Na kira Munkaila dillali, na faɗa masa komai. Ya saurara, ya ce: “To, ni ka gaya ma, kuma na ji. Ya isa. Wanda bai tambaya ba, mi za ka tsaya kana yi mashi wa'azi?”

Cikin mako guda ya kawo mai saye: Madam Sahiya, ungozomar wata ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, a wani ƙauye bayan Illela. Matan ƙauyen ne suka yi shekara uku suna tara adashi don su sami motar da za ta riƙa kai mai naƙudar da ta gagara babban asibiti a Tawa, maimakon amalanke. Ta zo da direban da suka ɗauka. Suka zagaya da marigayiya har shingen duwan, wato na 'yan kwastan, suka dawo, abin da bai kai kilomita goma ba. Marigayiya ta yi tafiya kamar ranar da aka ƙera ta. Madam ta shafa kujerar baya, ta auna ta da hannu ko mace za ta iya kwanciya, sannan ta juyo ta ce: “Alhaji, ni ban san mota ba. Abu guda nika tambaya: tana kai mutum inda za shi?”

Na ce: “Da yardar Allah.”

Munkaila ya ce ban taɓa yin magana mai kyau irin wannan ba. Aka sa ranar Laraba, ranar kasuwa, ta kawo kuɗi ta ɗauki makulli.

Na juya amsar nan ta kowace fuska. Ba ƙarya ba ce, domin babu motar da ke kai kowa ko'ina sai da yardarsa. Ban rantse ba. Ita ma ba ta ce in lissafa mata aibi ba. Kuma ni da na faɗi gaskiya a buron shef, me ta saya mini ban da benci? Duk hujjojin nan sun tsaya da ƙafafunsu. Abin da ya hana ni sakewa shi ne, duk lokacin da na sa hannu a aljihu sai in taɓa salatif ɗin nan. Shef ya rufe fitila da abin da ake sayarwa a kowane teburi. Ni na rufe ta da sunan Ubangijina.

Daga ƙauyen Madam zuwa Tawa kilomita saba'in ne da 'yan kai. Na ce bari in bar marigayiya ta yanke hukunci da kanta. Ranar Juma'a na lallaɓa ta har ƙauyen, na hutar da ita, na kama hanyar Tawa ba tsayawa. Ta kai. Na dawo gida da sauƙin zuciya, na gaya wa maiɗakina Tsahara cewa ciwon ya tafi. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce: “Baban Amina, da ni ce kwance a bayan motar ga, gwaji guda ya ishe ka?”

Ranar Lahadi na koma na sake gwajin. A kilomita na arba'in da bakwai, a cikin wani kwari inda waya ba ta kamawa, ta ce tin, tin, tin, domin na sa an mayar mata da muryarta. Sai shiru. Na zauna a gindin wani gawo ina duban agogo. Awa guda da minti goma. Babur ɗaya ne ya wuce, da akuya a ɗaure a bayansa. Na sha yin irin wannan jira, ban taɓa jin tsawonsa ba sai ranar, da na riƙa waiwayar kujerar baya wadda Madam ta auna da hannu. A nan, a wannan lokaci, na tabbatar da rasuwarta.

Wajibi ne in gargaɗi masu zuwa gaisuwa: za ku tarar da marigayiya a ƙofar gida, a wanke, kuma idan aka murɗa makulli za ta ce ƙir-ƙir-ƙir ta tashi. Kada wannan ya ruɗe ku. Ta rasu. Duk wanda ya ji ana cigiyar mai sayen kat-kat mai ruwan toka a Ƙonni, ko a Tawa, ko a tsallaken iyaka, da sabon fenti ko da sabuwar lamba, ya sani gawa ake tallata masa.

Ta rasu ta bar ni, mijin wahalarta, da Tsahara wadda tun farko ta ce a sayi shanun huɗa, da 'yarmu Amina wadda ta koyi ƙirga har uku daga bakinta. Ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai da safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da batir sabo, da famfunan mai biyu waɗanda ashe lafiyarsu ƙalau. Ta bar shef Abdulwahab, wanda zai yi kewarta fiye da kowa. Ta bar Munkaila, wanda ya daina amsa sallamata. Garkar Badagishiri kuma ta tabbata ta Mahaman. Allah ya sa albarka a abin da zai dasa, ƙasar tana son a yi mata ban ruwa da sassafe.

Muna neman gafara a madadinta daga duk wanda ya tura ta a rana, musamman mutanen Tsarnawa, waɗanda suka yi haka sau shida ba su taɓa tambayar dalili ba. Ni kuma ina neman tawa gafarar daga mutum guda. Madam Sahiya, na aika a kai miki kwafin wannan takarda hannu da hannu, domin na gwada kiran wayarki sau uku ina kashewa kafin ta shiga. Tambayarki ta cancanci amsa, ga ta: ba ta kaiwa. Ki mayar wa matan nan adashinsu yadda suka ba ki shi. Idan kin shigo Ƙonni ranar Laraba, ki zo gaisuwa.

Za a yi jana'iza ranar Laraba bayan sallar la'asar, a filin masu yankan ƙarfe da ke bayan tashar manyan motoci. Za a raba tayoyi, batir, gilasai da kujeru ga masu bukata a farashin gawa. Inji da wayoyinsa ba za su shiga jikin wata mota ba. Za a sa musu guduma a gabana, a auna su a sikeli. Takardunta zan kai inda aka yi su a soke. Salatif ɗin zai zauna a aljihuna. Za a karɓi gaisuwa a rumfata kwana uku, akwai shayi, ba a bukatar kawo komai, kuma ina roƙon kada kowa ya zo mini da sunan wani makanike da ya san kan irinta.

Ba a bukatar igiya ko masu turi. Daga gida zuwa filin bai kai kilomita uku ba, marigayiya za ta kai kanta.

Sumaila Abarshi
Bakin kasuwa, Birnin Ƙonni