Yadda Za Ka Zama Sarkin Shara a Layinku

Tun da ƙaramar hukuma ta daina kwashe shara kowane mako, ta koma baƙin kwando wannan Talata, shuɗi Talata ta sama, hankalin magidanta ya tashi a garin nan. Kai kwantar da naka. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin wata ya mutu ba mai taɓa kwando a layinku sai ya ga ka taɓa naka. Da su ne maƙwabcinmu Clive Attwood, tsohon direban bas, ya hau sarauta a layin Alder, kuma da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na 1: Yar da jadawalin

Za a zuro maka wata takarda mai launi-launi ta ƙofa. Jefa ta cikin shuɗin kwando, tare da kwalabe da gwangwanaye. Ai takarda ce, can ne gidanta. Duk layin haka suka yi.

Mataki na 2: Kada ka tambayi kowa

A nan kana iya shekara ashirin da maƙwabci ba ku taɓa yin wata hira ba sai ta ruwan sama. Ka je ka ce masa, "Wane kwando ne yau?" Haba, ina! Gara ya ɗaga labule kaɗan ya leƙa. To ka ga kasuwarka ke nan: layi guda na mutanen da ba su sani ba, kuma ko za a yanka su ba za su tambaya ba.

Mataki na 3: Riga kowa fita

Ranar Litinin da yamma, da ka ajiye kofin shayi, tashi. Clive tsohuwar rigarsa ta aikin bas yake sakawa, ya jawo kwandon garar-garar ta kan duwatsu don kowa ya ji. Ya tsayar da shi bakin titi, ya danne murfin da gwiwar hannu, don masu mota ba sa ɗaukar kwandon da ya yi hamma. Sannan ya goya hannu a baya ya kalli sama.

Doreen Platt ta gidan da ke fuskantar nasa, wadda ke riƙon jikokinta tagwaye, ita ke fara leƙowa.

"Clive, da alama za a yi ruwa."

"Da alama, Doreen."

Idonta kuwa ba ya kan hadari, yana kan kwando. Kafin ya koma ciki, layin ya cika da kwanduna masu launin nasa.

Kada ka raina wannan. Tun da Clive ya yi ritaya ba wanda ya ƙara tsayawa jiransa a ko'ina, abin kuma yana cin sa. Yammacin Litinin ne kaɗai ya dawo masa da fasinjojinsa.

Mataki na 4: Auri mace mai sani

In ka riga ka yi aure, sai ka yi addu'a. Matar Clive, Maureen, daga kicin take cewa "Baƙi" ko "Shuɗi", ba ta ko juyowa. Shi kuma ya ce, "Na sani mana." Kada ka taɓa tambayarta yadda aka yi ta sani. Sarki ba ya ɗaukar darasi a kicin.

Mataki na 5: In ta yi tafiya, daure

Ana tsakiyar zafin Yuli aka yi wa yayar Maureen aiki a ƙugu, Maureen ta tafi jinyarta Blackpool. Baƙaƙen kwanduna sun cika sun fara magana. Na Doreen ya fi na kowa baki, ƙunzugun tagwaye ne har wuya, ga shi ta gayyaci surukan ɗanta shan shayi a farfajiya ranar Asabar.

Litinin ta zo. Clive ya tsaya tsakanin kwandunansa biyu, waya na aljihu. Ya kira Maureen? Ta ji daga bakinsa cewa bai sani ba? Ya fasa. Ya koma falo ya ɗaga labule, karo na farko a rayuwarsa, ko zai ga abin da wasu suka fitar. Sai ya ga kowane labule a layin da ido a bayansa, duk shi suke kallo. Doreen har da ɗaga masa hannu.

Mataki na 6: Nemi alama

Can ƙarshen layi, ƙofar gidan Mista Bhatti, ga shuɗin kwando a tsaye.

"Yauwa!" in ji Clive.

Ya manta shaf cewa Mista Bhatti ya fitar da shi ne tun makon jiya, ya wuce hutu da iyalinsa ba wanda ya mayar. Ya saka riga, ya ja shuɗi garar-garar, ya kalli sama. Layi ya bi shi.

Da safe motar baƙin kwando ta shigo. Ta bi layin a hankali daga farko har ƙarshe, ba ta sami ko ɗaya ba. Clive ya fito da silifas yana jan baƙin kwandonsa a guje yana "Ku tsaya! Ku tsaya mana!" Mutumin da ya shekara talatin yana hango masu gudu a madubin bas ɗinsa, ranar ya san yadda abin yake. Yaran motar suka ɗaga masa hannu cikin ladabi, suka sha kwana.

Mataki na 7: Ɗora wa hukuma laifi

Gwada dai, amma kada ka sa rai.

"Clive Attwood!" Doreen ce a bakin ƙofarsa, jariri a kowane hannu. "Wata guda ke nan fa! Ƙunzugun wata guda a wannan zafin!"

"Ai hukuma ce, Doreen. Kin san su da canje-canje."

"Hukuma ce ta jawo maka kwandon? Ranka ya daɗe, da idona na gan ka, har da kallon sama!"

Shayin Asabar a cikin ɗaki aka sha shi, tagogi a rufe, surukai na fifita da faranti. Clive kuwa ya kwashe makon yana jigilar sharar layin zuwa bola a motarsa. Har yau ba mai roƙonsa ya rage masa hanya.

Mataki na 8: Ji gaskiya sau ɗaya, ka haɗiye

Maureen ta dawo ranar Lahadi, tun daga bakin layi ta toshe hanci. Ta saurare shi har ya gama.

"Kai tsoho, me ya hana ka ɗaga murfin? Wanda ya fi cika ai shi ne mai fita."

"Shi ke nan?"

"To da me ka zata? Duba nake yi?"

Mataki na 9: Yi murabus, ka jira

Washegari Clive ya ƙi fita. Ya zauna da jarida a juye, kunya ta hana shi ko kallon taga. Rana ta yi sanyi, layin tsit, ba ƙarar taya ko ɗaya. Wasu na cewa a ransu tunda shuɗi aka fitar wancan mako yau baƙi ne, wasu na cewa a'a. Ba dai wanda ya motsa.

Sai aka ƙwanƙwasa. Doreen ce.

"Fito da kwandonka mana, Clive. Mutane na jira."

"Ni? Bayan abin da na jawo muku?"

"To wa kake so mu bi? In kowa ya yi gaban kansa ya kuskure, wa zai zaga? Kai ko ba komai mun san gidanka."

Idon Clive ya kawo ruwa don daɗi. Ya ɗauko rigar bas ya saka, ya ɓalla maɓalli har wuya.

Daga kicin aka ce, "Shuɗi."

"Na sani mana," in ji Clive.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan mota ta wuce ka, ko ƙudaje suka tare a gidanka, ko maƙwabta suka daina yi maka hirar ruwan sama, ba ruwana, kada ma ka ambaci sunana. Kuma kada ka zo tambayata kwandon wannan mako. Yau Litinin, ina bayan labule, Clive bai fito ba tukuna.