Busasshen Goron Ya'u

"Lafiya lau, bawana. Ashe kana duniya?" in ji Haulatu.

Ya'u ya tsuguna a bakin tabarma, ya kasa ɗaga ido. Kwana arba'in Haulatu, 'yar kawunsa, tana kwance da karaya a Daura, shi kuwa malamin Hausa guda yana nan Mashi, ko leƙe. Yau ɗin ma da buƙatarsa ya zo: aron wani tsohon littafinta na sakandare, labarin aminai biyu, zai koyar wa ɗalibai. Rashin ta-ido ke nan.

"Uwargijiyata, ai cewa aka yi katanga kika haura za ki gudu daga gidan miji. Na ce bari ƙura ta lafa."

"Kai ko katangar ba ka da ita, mai koyar da zumunci da alli. To Malam, kafin in ba ka, goron nan da yake ta dawowa a littafin, me yake nufi?"

Ya yi gyaran murya. "Da farko sun raba ɗaya a kasuwa, ɓari-ɓari. Amana ke nan."

"Sai kuma?"

"Sai ɗayan ya samu duniya. Ya aiko da huhu guda, shi bai zo ba."

"Ma'ana?"

"Zumunta a ƙafa take," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ni tawa karyewa ta yi. Taka fa, kura ta cinye? Na ukun?"

A ƙarshen littafin, aminin ya iso ne da busasshen goro a aljihu, an riga an kai ɗan'uwansa makwanci. Ya'u ya sha tambayar yara wannan a jarrabawa. Ya laluba aljihunsa, ya fito da ƙullin leda: goro ɗaya, ya yamutse ya yi baƙi.

"Ran da na ji labari na saya. Kullum sai in ce gobe. Da kwana ya yi nisa kuma, kunya ta ɗaure ni."

Haulatu ta karɓa, ta jujjuya shi. "Wannan ai sai turmi. Bayan ƙafa, so kake in rasa haƙora?"

"Nawa suka rage, tsohuwa?"

Dariya ta ƙwace mata. Ta zaro littafin daga ƙarƙashin matashi, ta jefa masa a cinya.

"Ka fi na littafin sa'a, ka same ni da rai. Ɗauko taɓarya ka fasa, bawa. Ƙaramin ɓarin shi ne naka."