Yadda Ake Gina Wa Zomo Keji A Falo Kafin A Saka Shi A Tukunya

Kai mai zomo a gidan bene, zauna. Matakai bakwai ne. Ka bi su yadda na jera, na ba ka tabbaci zomonka zai tsufa da fatarsa a jikinsa. Ban ce kai za ka ji daɗi ba.

An gwada hanyar nan sau ɗaya, a hawa na bakwai a birnin Nish, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Wanda ya gwada sunansa Obrad. Bara ya gama sakandare, bai samu aiki ba, iyayensa suna ƙasar waje neman abinci. Yana zaune da kakarsa, Stanojka, da wani farin zomo mai suna Trifun. Cikin su biyun, zomon ne kaɗai ba ya tambayarsa yaushe zai zama mutum.

Mataki na ɗaya: Jira sai an yi maka barazana

Kada ka fara gini don nishaɗi. Ginin da babu tsoro a ƙarƙashinsa ba ya ƙarko.

Ranar Talata Trifun ya datse wayar talabijin, daidai lokacin da matar cikin wasan kwaikwayo ta buɗe baki za ta faɗi uban yaron. Allo ya yi baƙi. Kaka ta juyo a hankali.

"Obrad! Zo ka ga aikin ƙanenka."

"Haƙoransa ne ke tsiro, Kaka. Dole ya ciji wani abu."

"Ni nawa zubewa suke yi, ka taɓa ganin na ci waya?"

Nan ta yanke hukunci. Ranar Asabar ce bikin waliyyin gidansu, wanda kowane gida a can yake yi wa nasa waliyyin sau ɗaya a shekara, dangi za su cika falo, har da ɗanta Milisav daga ƙauye. In zomon nan ya sa baki a kan ko da tsinke ne a gaban baƙi, Kawu Milisav zai tafi da shi a buhu. A ƙauyen Kawu ba a raɗa wa zomo suna. Albasa ake yanka masa.

Kwana huɗu ke nan. Yanzu kana da dalili.

Mataki na biyu: Samo raga

Abin da kake nema shi ne ragar wayar nan mai kusurwa huɗu, wadda ake haɗawa ta zama kantar ajiye kaya. Kada ka je kanti. Duk gidan da akwai tsohuwa, akwai irin wannan kanta, kuma tana ɗauke da abin da ya fi ranka daraja.

Ta Kaka tana baranda, ɗauke da kwalaben tattasai da na kabeji guda sittin da huɗu, guzurin hunturu. Obrad ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a cikin bahon wanka. Ya samu raga talatin. Wanka kuwa, ya ɗage shi zuwa bayan biki.

Duba girman ramukan ragar. In kan zomo zai iya shiga, zai shiga. Fitowa ce ba ya cikin tsarinsa.

Mataki na uku: Kada ka yarda da roba

Ragar tana zuwa da wasu ƙananan robobi masu tsaga, wai su ne za su riƙe kusurwa. Ƙarya suke yi. Za su riƙe har sai ka ja da baya kana sha'awar aikinka, sannan su saki gaba ɗaya.

Sau uku katangar Obrad tana kwantawa. Trifun yana gefe yana kallo, yana tauna takardar bayanin haɗawa. Shi kaɗai ne a gidan ya amfana da ita.

Nemi siririyar igiyar roba mai haƙora, wadda in ka zuge ba ta komawa. Ɗaure kowace gaba sau uku. Yanke jelar, in ba haka ba zomo zai yanke maka, tare da ɗaurin.

Mataki na huɗu: Ƙasa, tsawo, rufi

Shimfiɗa ledar ɗaki a ƙasa, ka ɗora tsohon bargo, don ƙafar zomo ba ta son santsi. Tsawo kuwa, raga biyu. Obrad ya yi raga biyu, Trifun ya tsallake. Ya yi uku, Trifun ya hau kwandon ciyawa ya tsallake. Ya yi rufi. Ya ƙara hawa na biyu da matakala, ya bar ƙofa gaba da baya don sauƙin shara.

Ranar Alhamis da yamma gini ya kammala. Obrad ya tsaya yana dubansa, ya lura ɗakin zomon ya fi nasa tsari. Ya je ya rufe ƙofar nasa ɗakin. Kai ma ka rufe naka.

Mataki na biyar: Ka tuna da iska

A nan masana na waje suke faɗuwa. Ba su san cewa iskar da ta shigo ta taga ta fita ta ƙofa ta kashe mutane fiye da yaƙi ba. Ita ta karkatar da bakin maƙwabcin Kaka, ita ta kama ƙodar surukarta. Babu wanda ya isa ya yi musu a kan wannan a Nish.

Kaka ta shigo da kofin gahawa, ta ga Trifun a tsakiyar keji, ta dafe ƙirji.

"Wannan kuma mene ne?"

"Gidansa ne."

"Gida? Duk taga ne! Taga ɗari, ƙofa biyu suna kallon juna! Kai ɗan nan, kashe shi za ka yi?"

"Kaka, ke fa kika ce za a dafa shi."

"Yanka daban, iska daban. Ni ba azzaluma ba ce."

Ta ɗauko mayafin ulu da ta saƙa da hannunta ta lulluɓe kejin. Trifun ya jawo shi ta ramukan, ya ci kusurwa ɗaya, iska ta samu hanya. Kaka ta buɗe ƙofar kejin da kanta, ta ce muddin tana numfashi babu mai rai da zai kwana a wannan rariya.

"To batun buhu fa?" in ji Obrad.

"Yana nan daram. Ya taɓa wani abu ranar Asabar ka gani."

Yanzu kana da keji, kana da zomo, kuma an hana su haɗuwa. Kada ka karaya. Je baranda ka tsaya ka kalli rufin gidaje na minti ashirin.

Mataki na shida: Juya ginin

In ba za a killace zomo ba, sai a killace duniya.

Obrad ya kwashe ranar Juma'a yana yanke ɗauri. Raga huɗu ya kewaye talabijin. Uku ya kewaye tukunyar fure. Takalma ya ɗora a saman firji. Abin da ya rage ya ja shi ya zagaye teburin cin abinci da kujerunsa goma sha biyu, katanga mai kai gwiwa da ɗoriya, babu ƙofa ko ɗaya. Kaka ta gwada, ta zauna a ciki, ta jiƙa yatsa ta ɗaga sama.

"Mutum yana da rigar sanyi," ta ce. "Za mu jure."

Mataki na bakwai: Ranar biki, riƙe tire da hannu biyu

Kowa ya sani, ranar waliyyi maigida ba ya zama, yana tsaye yana hidima har baƙon ƙarshe ya tafi. Uban Obrad ba ya nan, don haka shi ne maigida. Kowa kuma ya sani, duk wanda ya shigo sai an tarye shi da dafaffiyar alkama mai zaƙi, ya ci cokali ɗaya, sannan ya zama baƙon gida.

Baƙi suka riƙa zuwa, suna cin cokalinsu, suna tattare siket da wando suna tsallakawa ciki. Kafin azahar mutum goma sha ɗaya suna cikin raga suna cin kifi da wake. A waje, Obrad da Trifun, falo duk nasu.

Sai ga Kawu Milisav, da tumbinsa, da buhu a naɗe a hammata.

"Kai saurayi, gidan yari kuka buɗe? Ina mutumin? A'a, ya yi ƙiba! Sannu da ƙoƙari."

Ya ci alkamarsa, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, ƙafar wandonsa ta maƙale a waya. Ya yi tangal-tangal yana kiran sunan waliyyi. Obrad ya ajiye tiren a ƙasa ya tare shi.

Na ce maka hannu biyu.

Da suka juyo, kan Trifun yana cikin kwanon alkama har kunne. Kawu ya warware buhu yana murmushi.

"Inna, kin gani da idonki. A gaban baƙi."

Kaka ta daɗe tana kallon zomon, gashin bakinsa duk sukari.

"Ya ci?" ta ce.

"Ya ci mana! Ya kusa cinyewa!"

"To ya ci alkamar waliyyi a gidana, a ranar waliyyi. Milisav, a gidan wa ka taɓa ganin an saka baƙo a buhu?"

"Inna, zomo ne fa!"

"Kai ma bara da ka bugu ka fasa min madubi, an saka ka a buhu? Naɗe abin nan ka zauna. Obrad, me kake jira? Kawo wa baƙo ruwa."

Obrad ya kawo ruwa a kofin gilashi na baƙi. Ya ajiye shi a gaban Trifun.

Gargaɗi

Baƙon da bai ce zai tafi ba, ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Trifun bai ce ba. Yau wata biyu ke nan yana kwana a kan doguwar kujera, Kaka da Obrad kuwa suna cin abinci a cikin raga, suna miƙa wa juna gishiri cikin ladabi don kada su dame shi.

Saboda haka babu ruwan marubucin nan da yagaggen wando, ko ciwon cikin zomon da ya sha sukari, ko kawun da ya daina gaishe ka. In kakarka ba ta tsoron iska, ko ba ku dafa alkama, kada ka zo min da kuka. Na yi alkawarin zomonka zai rayu. Ban taɓa cewa gidan zai ci gaba da zama naka ba.