Tsakuwa Biyu a Aljihun Nomau

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wani mutum, Nomau, mai ƙarfin jaki da zuciyar jariri. Abin da ka faɗa masa shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Hankalin gidan yana hannun matarsa, Cima. Sai Gwaggo Yalwa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Ita kaɗai take zaune a tsallaken rafi, ta rantse ba za ta zame wa kowa kaya ba. Fargaban Cima ke nan kullum: kada tsohuwa ta faɗi ba mai ji.

Wata rana sakatar ƙyauren Gwaggo ta karye, Nomau ya kai wa maƙeri. Maƙeri ya ce, "Ka dawo gobe warhaka." Nomau ya duƙa ya ja layi a ƙasa daidai bakin inuwar rumfa. Washegari inuwa na taɓa layin ya yi sallama. Maƙeri ko wuta bai hura ba.

"Haba Nomau, gobe ai ba ta ƙarewa!"

"Tawa ta zo," in ji Nomau. Ya zauna a kan uwar maƙera, ya ƙi tashi. Dole maƙeri ya jawo zuga-zugi yana tsaki.

Wata rana kuma Cima ta aike shi birni ya sayo wa Gwaggo maganin gwiwa. A tasha ɗan kamasho yana ta ihu, "Yanzu za mu tashi!" Nomau ya ajiye ƙosan da ya saya bai ci ba, ya faɗa mota, ya riƙe kujera da hannu biyu. Tun hantsi har la'asar mota ba ta tashi ba, shi kuma bai motsa ba, ko fitsari. Ya dawo da magani, a galabaice.

Cima ta ce, "Maigida, yanzun mutane ba yanzu ba ce, gobensu ba gobe ba ce."

"To me ya sa suke faɗa?"

"Kunya. Ba sa son ce maka a'a."

Nomau ya daɗe yana tunani, bai gane ba.

Wata rana, ana dab da girbin gero, ya kai wa Gwaggo tuwo. Ta san kowa hannunsa cike yake, ba ta son a yi ta wahalar tsallake rafi saboda ita. Ta ce, "Je ka, kada ka dame ni. Sai an kwana biyu." Kowa a garin ya san nufinta sai bayan girbi. Nomau kuwa ya tsinci tsakuwa biyu ya sa a aljihu. Gari na wayewa ya jefar da ɗaya.

Ranar da ya jefar da ta biyu ita ce ranar gayyar gonarsa. Mutane sun taru, Cima ta dama kunu, sai ga Nomau ya nufi rafi.

"Ina za ka, uban shirme? Gonarka fa ake girbewa!" in ji wani daga cikin 'yan gayya.

"Kwana biyu sun cika."

Aka yi ta dariya har ya ɓace.

Ya sami Gwaggo kwance a bayan ɗaki. Tun jiya santsi ya kwashe ta, ƙugu ya ƙi ɗauka, randa na nan taku biyar amma ta gagare ta. Leɓenta duk ya tsage. Ya ba ta ruwa a hankali, ya goye ta kamar yadda ta taɓa goya shi.

"Wa ya ce ka zo, ɗan banza?" ta ce, fuskarta a kafaɗarsa.

"Ke, Gwaggo."

A gida aka kira mai ɗori. Da Gwaggo ta ɗan dawo hayyacinta ta ce, "Ku ji da kyau, kwana biyu zan yi in koma ɗakina." Nomau ya fita ya tsinto tsakuwa biyu.

Cima kuwa, kullum da safe in ya jefar da ɗaya, sai ta ce ya kawo rigar ta kakkaɓe masa, ta saka wata tsakuwar a aljihun a ɓoye. Nomau ya lalubi aljihu ya ce, "Saura biyu, Gwaggo."

Bana damina uku ke nan. Gwaggo tana kallon hannun Cima kowace safiya daga kan tabarmarta, sai ta kau da kai ta ce a miƙo mata kunu.