Ranar da Na Sa Inji Ya Tsaya Jin Kiran Salla

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da azahar ɗin da na tsayar da motoci tun daga Gaya har Yamai, ina zaune cikin ɗakina.

Ƴata Rakiya ta karanta aikin ordinater, wato kwamfuta, wani kamfanin motocin fasinja ya ɗauke ta gwaji na wata uku. Suna da manyan injuna a nesa, sarber take ce musu, su ke fitar da tikiti a kowace tasha. Da, sai an bi su ɗaya ɗaya an zuba musu aiki. Ita ko daga nan gida ta rubuta umarni sau ɗaya a ordinater ɗinta, kowane aiki a mazubinsa da marfi kamar kwanon tuwo, ta danna, abin ya bi su da kansa. (Ni dai abin da nake gani, yarinya na shan shayi, allo na rubuta kansa.)

To gidanmu da doka tun zamanin maigida: in ladan ya ɗaga murya, rediyo da tele duk a kashe. Ranar kasuwa ce, Rakiya ta danna abinta ta fita alwala. Ladan ya fara, allon nan sai zuba yake. Na ce kai ma ka saurara. Na rufe shi, na zare wayarsa, har na lulluɓe shi da zane.

Ashe ya kai rabi. Wasu tashoshin sun karɓi sabon aiki, wasu an cire tsoho ba a sa komai ba.

Muna sallamewa, ga maƙwabciyata Hajiya Fati ta shigo aron turmi, ga talho, wayar Rakiya, na kuka. Shugaban Rakiya ne, muryarsa har tsakar gida: fasinjoji sun cika tasha, babu tikiti.

"Inna, wa ya taɓa ordinater?" in ji Rakiya.

Na gyara ɗankwali na ce, "Wuta aka ɗauke."

Hajiya Fati ta ɗaga kai a hankali ta dubi fanka, tana ta juyi bisa kanmu.

"Kuma wutar ce ta lulluɓe shi da zanenki?" in ji ta.

Na ji Rakiya na ce wa mutumin kuskurenta ne. Nan kunya ta biyu ta fi ta farko. Na karɓe talhon na ce, "Alhaji, uwarta ce. Ni na kashe, saboda kiran salla." Ya ce, "Hajiya, Allah ya karɓa. Ba ta talhon ta tayar mana da injin."

Ta sake dannawa, abin ya tsallake wanda ya gama ya ƙarasa saura. Ba a kore ta ba, an dai ce ta riƙa aiki daga biro, wato ofishinsu.

Abin da na koya: kafin ki yi ƙarya da wuta, fara duba sama.