Ranar da Kwamfutata Ta Kira Surukina Ɓarawo

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je gidan su Rabi da kwamfuta a hammata ba. Har gobe idan abin ya faɗo min a rai ina cin abinci, sai na ajiye cokali.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Kano ba, na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Makoda ina jiran aiki. A makaranta na faɗa cikin wasu samari masu sha'awar tsaron kwamfuta, su suka sa na goge manhajar da ta zo da tawa na ɗora wata mai suna Linux. Tun daga ranar kaina ya kumbura. Kullum ina shagon cajin waya na bakin kasuwa, fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, fararen rubutu suna ta gudu, ni kuma ina gyaɗa kai kamar mai karanta wani babban sirri (yawanci sabunta manhajar kawai nake yi, amma wa ya sani?). Duk wanda ya tambaya sai in ce, “Ai mu masu kutse da irin wannan muke aiki.”

Wannan “mu masu kutse” ita ta ja min. Magana ta zaga har ta kai kunnen Alhaji Garba, mahaifin Rabi, wai yaron da ke neman 'yarsa yana shiga asusun bankin mutane. Magabatana sun riga sun kai gaisuwa, saura a sa rana, sai Alhaji ya ce a dakata. Rabi ta kira ni tana kuka. “Baba ya ce ba zai haɗa zuri'a da ɗan damfara ba. Ya ce ka zo da kanka, kuma ka zo da abin.” Ni kuwa ina son yarinyar nan so na gaske.

Akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu. Daɗin Linux shi ne komai nata a buɗe yake, kana iya sauya duk abin da ka ga dama, ba ta musa maka. Da na ga mutane suna yawan taɓa min kwamfuta a shagon caji, sai na haɗa mata tarko. Na naɗi muryata, na saita ta yadda duk wanda ya shigar da kalmar sirri ba daidai ba, za ta dinga kwarara ihu har sai an sa ta gaskiya. Na kuma kashe madannin rage sauti, har da na kashewa, don kada ɓarawo ya yi min dabara. Ranar da na gama, ji na yi duk jihar Kano babu mai basirata.

Bayan la'asar muka isa, ni da Kawu Iro, ƙanin mahaifiyata. Lokacin kaka ne, an jera buhunan gyaɗa a zauren har kusa da rufi. Alhaji yana kan tabarma, a gefensa ƙaninsa Malam Sabo, tsohon malamin firamare da ya ɗan taɓa kwamfuta. Na cire takalmi na tsuguna can bakin ƙofa, kaina a ƙasa, yadda mai neman aure yake yi.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, “Yaro, an ce kai mai kutse ne. Haka ne?”

Na ce, “Baba, masu kutse iri biyu ne. Akwai ɓarayi, akwai kuma waɗanda ake ɗauka aiki su nemo kafar da ɓarawo zai bi, a toshe kafin ya zo. Na biyun nake koyo.”

Na buɗe kwamfutar na juya musu fuskarta. Malam Sabo ya ce, “To me ya sa fuskar taka baƙa ce, ba irin ta kowa ba?”

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce wasu manhajojin kamar rumbu ne da aka sayar maka amma aka hana ka leƙa ciki, ko gara ta shiga ba za ka sani ba sai wanda ya gina ya faɗa maka. Wannan kuwa duk rubutun da aka gina ta da shi a fili yake. Mutane daga ko'ina a duniya suna dubawa, wanda ya ga ɓaraka ya yi magana a gyara. Ba ta yin wani abu a bayan idonka, kyauta ce, kuma kana iya juya ta yadda aikinka yake so. Shi ya sa masu harkar tsaro suke sonta. Na ga Alhaji yana gyaɗa kai, Kawu Iro har ya fara murmushi. A raina na ce shi ke nan, an sa rana an gama.

Sai Alhaji ya ce, “Miƙo in gani.”

Kawu ya karɓa ya miƙa masa. Ashe duk tsawon wa'azin nan nawa kwamfutar ta kulle kanta, tana jiran kalmar sirri. Alhaji ya ɗora ta a cinya, ya sa yatsa ya danna nan, ya danna can, sannan ya danna babban madannin da ke gefe.

“ƁARAWO! ƁARAWO! AJIYE MIN KAYANA, MARAR KUNYA!”

Muryata ce, jama'a. Muryata ce tsaf, har da ɗan tarin da na yi a ƙarshe. Alhaji ya zabura, hularsa ta karkace. Ita kuwa ta sake ɗaukowa daga farko.

Kun san yadda ƙauye yake da kaka, kowa kunnensa yana kan amfanin gonarsa. Kafin in miƙe, maƙwabta sun cika ƙofar zaure, wani da sanda, wani da fartanya, suna tambayar ina yake. Matan gida sun taru a bayan labule. Kuma duk wanda ya leƙo, abin da yake gani shi ne Alhaji Garba riƙe da wani abu da ke kiransa ɓarawo.

Malam Sabo ya fizge ta yana danna madannin rage sauti (wanda ni da hannuna na kashe). Ya danna na kashewa, shi ma shiru. Ya daka min tsawa, “Yaya ake tsayar da ita?”

“Sai an sa kalmar sirri, Malam. Bari in zo.”

“Zauna inda kake! Faɗa min, na iya rubutu.”

Na dubi Kawu Iro, ya kau da kai. Na faɗa a hankali.

“Ɗaga murya, ba na ji!”

A gaban mahaifinta, a gaban baffanta, a gaban mutanen unguwa da sandunansu, na buɗe baki na ce, “Rabi tawa ce ni kaɗai.”

A garinmu mai neman aure ko sunan yarinyar ba ya ambata a gaban iyayenta. Shi kuwa Malam Sabo, da yake malami ne, sai da ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi yana dannawa: “Rabi... tawa... ce...” Ihun ya tsaya cak. Daga bayan labule na ji wata ta ce “Ayyiriri!”, sannan na ji gudun wata zuwa cikin gida, da alama Rabi ce. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige, ba ta tsage ba.

Alhaji ya cire hula ya rufe fuskarsa. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka ɓacin rai ne, ashe dariya ce take cinsa. Da ƙyar ya ce, “Iro, ku tashi ku tafi. Ku turo manya a sa rana. Yaron da ya kasa ɓoye wannan, ina zai iya ɓoye kuɗin sata?” Har mun kai ƙofa ya ƙara da cewa, “Amma ka cire muryar nan, ba ta da daɗi.”

Yau muna da 'ya'ya da Rabi, kuma aikin tsaron nake yi, da Linux ɗin dai. Amma har yanzu in na je gaisuwa, Alhaji yakan ɗaga hannuwa sama ya ce, “Ban taɓa komai ba.” Idan matasa suka tambaye ni me ya sa muke son buɗaɗɗiyar manhaja, ina faɗa musu gaskiya: ba ta ɓoye komai, kuma duk abin da ka umarce ta shi take yi. Sai dai nakan ƙara musu da cewa ba ta tambayar ko mai umarnin yana da hankali, kuma ba ta san suruki ba.